Ƙotar da Labbo Ya Sassaƙa

Da hantsi wata mata mai neman itace ta ga gawar Labbo a cikin kwazazzabo, ƙarƙashin babbar kanyar da ke gabas da Tungar Aduwa. Yana kwance rigingine, ƙeyarsa a kan dutse, jinin da ya zuba ya riga ya yi baƙi a cikin jiƙaƙƙen rairayi. Ta yar da igiyarta, ta sheƙo gari tana salati.

Daminar 1992 ce, gero ya fara fitar da kai.

Tsakanin Konni da Illela babu wanzamin da bai san Labbo ba. Ɗan gidan aski ne, amma shi gyaran aska ya riƙe. Tsofaffin asake masu naɗewa, irin waɗanda tsofaffin soja suka dawo da su tun zamanin Faransa, ana kawo masa su tsatsa ta cinye, ƙotar ƙashi ta tsage. Sai ya jiƙa ƙarfen a ruwan tsamiya, ya goge da toka, ya wasa a dutse, ya ƙarasa a kan fata. Sannan ya zauna ya sassaƙa sabuwar ƙota, ta kirya ko ta baƙar zuciyar kanya, ya haɗa da ƙusar tagulla, ya yi ta shafa man kaɗe har ta ɗauki sheƙi. Bai taɓa yin ƙota biyu iri ɗaya ba. Sai ya riƙe hannun mai askar ya dube shi tukuna.

Kafin rana ta take tsaka, gari ya riga ya yanke hukunci. Samari suka tarar da Na'Allah, wani Buzu makiyayi da ya sauka bayan gari da awakinsa, riƙe da gizagon Labbo. Nan take kowa ya tuna an ji shi da Labbo suna cacar baki kwanan baya a kan sassabe rassan kanya. Aka jawo shi, aka fasa masa leɓe, aka ɗaure shi a gindin ceɗiyar ƙofar maigari. Jandarma biyu, 'yan sandan karkara, suka zo daga Konni a kan babur, suka duba gawar, suka ce a binne, mota za ta zo gobe ta ɗauki wanda aka kama.

Aka kai Labbo makwancinsa. Wansa Takama, Sarkin Askan gari, bai iya raka shi ba. Ya zauna a zaure lulluɓe da bargo yana karɓar gaisuwa, an ce zazzaɓi ne ya kwana da shi.

Maigari Alhasan dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tun kafin a ɗauki gawa ya aika Tsarnawa, inda aka ce an ga Tanimun na Bazaga.

* * *

Tanimun mai bin sawu ne. Shanun sata da raƙuman da suka ɓace su ne aikinsa, kuma da son ransa ne da ba ya wuce nan. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, in yana tafiya kansa a sunkuye kamar mai neman abin da ya faɗi. Ya iso bayan azahar, ya yi wa maigari ta'aziyya, ya ce a ba shi izini ya ga ɗaurarren.

Ya tsuguna a gaban Na'Allah. Bai fara da fuskarsa ba, ƙafafunsa ya duba: faffaɗan takalmin fata irin na mutanen arewa.

"Kai ka kashe shi?"

"Wallahi ban taɓa shi ba."

"Gizagon hwa?"

"Bakin kwazazzabo nis same shi, cikin haki. Ban leƙa ƙasa ba. Nic ce in na gamu da tsohon in ba shi abinshi."

"An ce kun yi hwaɗa."

"Mun yi." Na'Allah ya lashi jinin leɓensa. "Yac ce itacen ya girme ni, ya girmi ubana, in bar shi. Da sahe sai ga shi da kwandon dusa, wai in ba awaki. Wuƙar da sunka ƙwace mini yau, shi yas sa mata ƙota. Mi zai sa in kashe mutumin ga?"

Wani daga cikin samarin da ke gadi ya ce, "Baba, kada ka saurare shi. Sun iya baki."

Tanimun ya miƙe. "Ku ba shi ruwa. Ku sassauta igiyar nan, hannunshi ya kumbura."

* * *

Gindin kanya ya zama kamar kasuwa ta watse. Duk wanda ya zo kallo ya bar sawunsa a kan na wani. Tanimun bai ɓata lokaci a wurin ba, ya ja baya, ya riƙa kewayawa daga nesa. An yi yayyafi kafin asuba, ƙasa ta share duk abin da ke kanta, abin da ya rage na safiyar nan ne kawai.

Ya ga awaki, ya ga faffaɗan takalmin Na'Allah a bayansu. Sawun ya zo bakin kwazazzabo, ya dakata inda ciyawa ta kwanta, ya wuce ba tare da sauri ba. Can gefe kuma, a kan turbar da ta nufi Tsarnawa, ga layin tayar keke.

Keke ɗaya ne a garin, na Illo. Wanzami ne shi ma, matashi, yana da rumfa a bakin hanya. Da Tanimun ya yi sallama, Illo ya miƙe a firgice har kwalin reza ya zube daga cinyarsa.

"Na san abin da ake cewa," in ji shi. "Wai ba mu ga maciji da Baba Labbo."

Tanimun ya zauna a kan bencin masu aski. "Mi ya haɗa ku?"

"Bakina. Rediyo na ta hwaɗi kowa da rezarshi saboda cutar nan ta zamani. Ni kuwa ranar kasuwa, gaban mutane, nic ce mishi zamanin aska ya wuce, ya nemi wata sana'a. Bai ce mini komi ba. Tun ran nan bai sake kallona ba." Ya durƙusa yana tsince rezar da ta zube. "Askata ta hwarko shi yag gyara mini ita. Ina ta cewa gobe in tahi in ba shi haƙuri."

"Yau da sassahe ka bi ta kanya."

"Tsarnawa nit tahi yi wa wani direba ƙaho. Ban tsaya ba."

"Na sani. Ba ka sa ƙahwa ƙasa ba. Mi ka gani?"

Illo ya sosa ƙeya. "Gari bai gama wayewa ba. Amma na hangi kawuna biyu cikin gero, ta 'yar hanyar bayan rumbuna. Ɗaya gaba, ɗaya baya. Nis sha masu zuwa gona ne."

* * *

Siririyar hanya ce, ta ratsa tsakanin gonaki biyu, ba a cika bin ta ba. Rana ta yi sanyi lokacin da Tanimun ya durƙusa a bakinta.

Sawun gaba na Labbo ne, takalmin taya mai faci a dunduniya, irin wanda aka cire daga ƙafar gawar. A bayansa akwai wani, takalmin fata mai sumul, na mutum mai jiki. Tanimun ya bi su a hankali. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, ko a kwana ko a miƙe. Inda Labbo ya kauce wa kututture, na baya ya kauce a daidai wurin. Inda Labbo ya tsaya, ya tsaya. Mai fako ba ya tafiya haka, abokin hira ma ba ya yi. Wani abu ne a tsakaninsu, kamar sanda, kowa riƙe da gefe guda.

Sannan ya nemi sawun dawowa. Ɗaya ne, mai takalmin fata. Yanzu ga tambarin sanda a ƙasa, dama da hagu, barkatai. Mutumin ya bar hanya tun bai yi nisa ba, ya faɗa cikin shingen ƙaya, ga zaren farar riga a jikin ƙayar, ga ɗigon jini. Ya fita, ya kutsa cikin gero yana karya kara, ya kewayo har ya taka sawun kansa. A tsakiyar gonar ya tsaya, ya daɗe, ƙafafunsa sun nutse. Daga nan ya juya ya miƙe sak ya nufi gari, kamar wanda ya ji wata ƙara ya bi ta. Lokacin da mata ke fara daka ke nan. Sawun ya ɓace a bakin rijiya, inda shanu suka tattake.

Tanimun ya zauna a kan kunyar gona ya riƙe kansa. Da ya koma, ya tambayi maigari, "Ranka shi daɗe, wa ab ba ya gani a garin ga?"

"Jibo kaɗai."

* * *

Jibo makaho na zaune a inuwar masallaci yana tufka igiya. Ba shi da takalmi, tafin ƙafarsa ya yi kauri kamar fatar ƙirgi. Ya saurari tambayar Tanimun har ƙarshe, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ɗage wandonsa.

"Duba ƙwaurina. Ka ga karce?"

"Babu."

"Tun ina yaro nike zuwa tsintar kanya ta hanyar nan. Na san kowane kututture da sunanshi. Ni ba ni hwaɗa wa ƙaya, ba ni ɓata cikin gero." Ya ci gaba da murza igiyar a cinyarsa. "Wanda kake nema bai daɗe da shiga duhu ba. Har yanzu tsoron ƙasa shikai. Kuma bai son a sani."

"Ka san shi?"

Hannun Jibo ya tsaya. "Nan nike wuni, ina jin takun kowa in za shi shiga salla. Akwai wanda takunshi ya sake tun bara. Amma ba daga bakina ba, Tanimun. Na san abin da mutum ka ji ranar da anka hwara yi mishi magana da ƙarhi awa kurma, ana tambayar na kusa da shi ko ya ci abinci. Ba ni zan kai wani can ba."

Tanimun bai matsa masa ba.

* * *

Washegari da safe ya nemi iso a gidan mamacin, wanda ke daf da ƙofar maigari. Kande, matar Labbo, ta shiga takaba. Ta ce ya shiga rumfar aikin, ita za ta tsaya daga bayan darni.

Rumfar na ƙanshin man kaɗe da sabon itace. Ga dutsen wasi ya lotsa a tsakiya saboda shekaru, ga fatar gogewa a rataye, ga tsohon gwangwanin tumatir da ruwan tsamiya, ruwan aska biyu a jiƙe a ciki ba wanda zai tsamo su. A kan faifai an jera waɗanda aka gama, kowace a naɗe da tsumma.

"Inna, akwai abin da babu a nan?"

"Duba cikin zabirar da ke rataye ga ginshiƙi. Askar mahaihinsu na ciki?"

Ya duba. "Babu komi."

Ya ji ta ja numfashi. "Ita ce ta gado. Da ita anka aske su duka ranar sunansu. Hannun Yaya Takama take, ƙotar tat tsage, yak kawo gyara tun kahin damina waccan."

"Shekara guda ana gyaran aska ɗaya?"

"Ƙarhen tuni ya gama shi. Ƙotar ce. Sai ya sassaƙa, ya riƙe, ya yi ta juya ta, ya jehwa wuta. Ban san iyakar waɗanda nid dahwa tuwo da su ba. Kullum Yaya ya tambaya, sai ya ce itacen bai bushe ba. Da Balaraba tah haihu, ɗiyar Yaya ke nan, namiji, jikan hwarko, sai Yaya yar rantse gaban mutane shi zai yi askin suna da hannunshi, da askar uba nai. Ran nan Malam bai ci abinci ba. Yaz zauna sai da yag gama ta."

"Kin gan ta?"

"Daga nesa. Baƙa ce, ta kanya. Na ga ta yi tsawo."

"Tsakaninsu lahiya?"

"Su?" in ji ta. "Tun bara ba su rabuwa. Masallaci tare, kasuwa tare, gidan suna tare. Aiki na taruwa nan, shi shina can gindin Yaya. Har nakan yi mishi ba'a, in ce sun koma tagwaye da tsuhwa. Jiya ma da asuba yac ce mini bari ya biya wa Yaya." Ta yi shiru, kamar yanzu ne ta ji abin da bakinta ya faɗa. "Amma ai an ce Yaya bai hita ba. An ce zazzaɓi..."

Tanimun ya mayar da zabirar inda take. "Allah shi ji ƙanshi, Inna. Zan ari asaken ga, in maido."

* * *

Ya sami Takama shi kaɗai a zaure, masu gaisuwa ba su fara taruwa ba. Babban mutum ne mai kwarjini, idanunsa a buɗe garau, babu yana babu ja. A bakin ƙofa takalminsa na fata na ajiye, ƙaya ta karye a cikin tafin ɗaya.

Tanimun ya yi sallama daga ƙofa, ya shigo ba motsi, ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a iska. Takama na kallon ƙofa, inda muryar ta fito. Sai da Tanimun ya yi gyaran murya sannan ya juyo da sauri ya lalubo hannun. Bargon ya ɗan zame. Ƙwaurinsa duk karce ne, sabo.

Bayan gaisuwa Tanimun ya rage murya. "Sarki, motar jandarma na tahe. Mutumin da anka ɗaure na da mata da ɗiya ƙanana can bayan gari. Tun jiya suna zaune cikin awaki suna kallon hanya."

"Allah shi bayyana gaskiya."

"Amin. Na bi hanyar bayan rumbuna, Sarki. Na ga tahiya, na ga dawowa. Ban hwaɗa wa kowa ba tukuna. Na hi son a ji daga bakin mai ita."

Leɓen Takama ya motsa. Yatsunsa suka damƙe bargon har jijiyoyi suka fito. Tanimun ya jira, ya jira. Daga waje aka ji sallamar baƙi.

"Ka gama?" in ji Takama. "Ina da mutane."

* * *

Da hantsi maigari ya tara gari a gindin ceɗiya. Na'Allah na nan a ɗaure. Jibo ya zo da kansa ya zauna a gefe. Takama ya iso a ƙarshe, dafe da kafaɗar Illo, aka ce zazzaɓin ne bai sake shi ba. Aka shimfiɗa masa buzu a gaba.

Tanimun ya ajiye faifan asake a tsakiya.

"Jama'a, makiyayin ga ya iso bakin kwazazzabo bayan an gama komi. Ya tsinci gizago ya wuce. Illo bai sauka bisa kekenshi ba. Jibo bai bi hanyar ba. Mutum biyu sunka tahi gindin kanya, ɗaya yad dawo, kuma akwai aska guda da ta bar rumhwar Labbo tare da su."

Aka fara gunaguni. Tanimun ya jira aka yi shiru. Wanda ya san shi zai ga ba ya son abin da zai yi.

"Sarki, kai ne uban wanzamai, ka san askar kowa. Taimake ni in san masu su." Ya ɗaga hannu sama. "Wagga ta wa ce?"

Takama ya ɗago kai. "Miƙo ta nan."

"Daga nan ma ana ganin ƙotar, Sarki. Rana na kanta."

Takama ya ƙura ido wajen muryar. Gumi ya tsatso masa a goshi. "Ta Umaru ce, na Illela," ya ce da ƙarfi. "Ƙotar kirya. Na san ta."

Ba wanda ya yi motsi. Abin da ke hannun Tanimun guntun kara ne da ya zaro daga darni. Wata tsohuwa ta ce "Innalillahi" a hankali, Illo ya sa hannu ya rufe bakinsa. Shirun ne ya faɗa wa Takama abin da ya faru. Kafaɗunsa suka sauka, kamar an zare masa ƙashi.

"Ba aska ba ce ko?" ya tambaya.

"Ba ita ba ce, Sarki. Ka yahe mini."

Takama ya sauke kai. Da ya fara magana, muryarsa ta zama ta wani tsoho da garin bai sani ba.

"Ku kwance bawan Allah nan. Ku kwance shi tukuna."

Maigari ya yi nuni, aka kwance.

"Idona ya hwara tahiya tun bara waccan. Yanzu haske da inuwa kaɗai nika rarrabewa. Labbo kaɗai ya sani. Shi ne idona. Shi ka raɗa mini sunan mai zuwa, shi ka taɓa ni in akwai rami. In ba kowa, sai ya kama bakin sandata. Jiya da asuba yac ce askar ta gamu, in taho gindin kanya inda anka saro itacen, akwai magana wadda bai son darni ya ji. Munka tahi. Yas sa mini ita cikin hannu, amma bai saki ba. Yac ce, 'Yaya, jaririn nan, ba ka iya aske shi...'"

Ya share gumin goshinsa, ya ci gaba.

"Ban bari ya ƙare ba. Nic ce ashe shi ya sa yake ta ja mini rai, so shikai ya zauna bisa buzuna tun ina da rai. Nih hizge askar, nit ture shi. Turi ɗaya. Ban san muna bakin rami ba. Na rantse da Allah ban sani ba. Ban gani ba." Ya buɗe tafin hannunsa yana kallon abin da ba ya gani. "Na kira shi. Na sauka da rarrahe, na lalubi huskarshi. Ni nir ruhe mishi ido."

"Sarki," in ji maigari, murya a dishe, "mi ya hana ka hwaɗi tun jiya? Ka ji ana dukan mutum."

"Na ji. Kowane duka na ji shi. Amma in na ce ga yadda anka yi, dole in ce ban gani. Sai nij ji kunyar makanta ta hi mini ta kisa nauyi. Wanga shi ne laihina na biyu, kuma shi da gangan ni yi shi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da askar, ya miƙa ta gaba. Tanimun ya karɓa ya buɗe. Ƙarfen ya ɗauki rana kamar ruwa. Ƙotar baƙa wuluk, santsi kamar an lashe, kuma ta fi ta kowace aska tsawo. A jikinta an fafe gurbin yatsu, ba wuri ɗaya ba, wuri biyu.

"Sai da nik koma gida nil laluba ta," in ji Takama. "Gurbin gaba nawa ne, yatsuna sun zauna ciki daidai. Na baya ya yi mini ƙanƙanta. Nashi ne." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Ba ka iya aske shi kai kaɗai. Abin da za shi ce ke nan. Mu riƙe tare, shi shina tuƙawa daga baya, mutane su ce ƙane na tallabe hannun wanshi don tsuhwa. Shekara guda shina neman ƙotar da za ta ruhe mini asiri. Kalma biyu sunka rage mishi."

Illo ya fashe da kuka kamar yaro. Jibo ya sunkuyar da kai, igiyar da ya zo da ita ta zame ƙasa.

Maigari ya taso da kansa ya tsuguna gaban Na'Allah yana ba shi haƙuri, aka kawo masa wuƙarsa da ƙwaryar fura. Ya karɓi wuƙar. Furar bai ko dube ta ba. Ya tsaya kan Takama na ɗan lokaci, yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci, sannan ya wuce ta tsakiyar samarin da suka dake shi. Suka dare masa hanya. Kafin azahar ya kaɗa awakinsa ya yi arewa.

* * *

Motar jandarma ta iso rana na tsaka, mai buɗaɗɗen baya. Suka saurari maigari, suka naɗe askar a takarda. Ba su sa wa Takama ankwa ba. Illo da Tanimun suka tallafe shi ya hau.

Gari duka ya fito, an tsaya cirko-cirko a ƙofar maigari. Direba ya juya motar don ta fuskanci hanyar Tsarnawa, kuma a wannan juyin Takama ya rasa inda mutane suke. Ya dafa ƙarfen motar ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu. Rumbuna ya fuskanta, da gonar gero da iska ke kaɗawa.

"Jama'a, ku yahe mini," ya ce wa rumbunan. "Ku ce wa Balaraba ta yahe mini."

Mutanen na bayansa. Kowa ya ga kuskuren, ba wanda ya iya buɗe baki. Sai daga cikin gidan Labbo, ta bayan darni, muryar Kande ta fito, a dishe saboda kuka.

"Yaya. Muna nan. Ta bayanka."

Ya juyo a hankali, hannun na sama, har ya daidaita da inda muryar take. Haka ya tsaya, bai sauke ba, motar ta ja ta shige cikin gero.